Babur Mai cc 400 Ko Mai cc 1000: Wanne Ya Dace Da Titunanmu?

A 'yan shekarun nan baburan tsere, waɗanda matasa ke kira fawa-baik, sun ƙaru a titunan Abuja da Kaduna da Kano, kuma duk inda masu su suka taru da yammacin Asabar ko Lahadi, tambayar farko da ake yi wa sabon zuwa ita ce ko babur ɗinsa cc nawa ne. Wanda ya ce 1000 sai a karɓe shi hannu biyu, wanda ya ce 300 ko 400 kuwa sai a riƙa yi masa kallon ɗan koyo, har ma a ba shi shawarar ya gaggauta sayarwa ya sayi na manya. A ra'ayina wannan ma'auni karkatacce ne, kuma karkacewarsa tana jawo asarar rayuka da karairayar ƙasusuwan samari masu jini a jika. Ga wanda zai hau babur ɗin tsere a kan titunan da muke da su, ƙaramin inji ya fi babba amfani da daɗin hawa, kuma lokaci ya yi da doka za ta daina ɗaukar kowane babur a matsayin abu guda.

Lambar cc ba ta nuna komai illa girman cikin silinda, wato yawan iska da fetur ɗin da injin ke iya zuƙa idan fistin ya sauka don zuƙa. Ba ta faɗin ƙarfin da injin zai fitar. Bajaj Boxer mai cc 100, wanda ya zama jakin 'yan acaɓa daga Sakkwato har Maiduguri, yana ba da ƙarfin doki kimanin 8. Manyan baburan Harley-Davidson na Amurka masu cc 1,868 da ƙyar suke kusantar ƙarfin doki 100, alhali Yamaha R6 mai cc 599, wanda bai kai kashi ɗaya cikin uku na girmansu ba, yana haura 115. Kamfanin Kawasaki ma yana da babura biyu masu cc 399 cif: Ninja 400 mai silinda biyu yana ba da ƙarfin doki kimanin 45, shi kuwa ZX-4RR mai silinda huɗu yana haura 70. Bambancin yana cikin yawan silinda, da saurin juyawar inji, da irin aikin da aka ƙera shi domin yi. Saboda haka duk wanda ya ce wa matashi "fara da 600, ai ƙarami ne" ya cuce shi, domin 600 ɗin tsere ya fi kusa da 1000 a ɗabi'a fiye da yadda yake kusa da 400. Cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora a Amurka, IIHS, ta nuna a rahotonta na 2007 cewa mahayan irin waɗannan baburan tsere masu kaifi suna mutuwa kusan ninki huɗu na mahayan sauran babura idan aka auna da yawan waɗanda aka yi wa rajista, kuma cikin waɗancan sauran akwai masu injin da ya fi nasu girma nesa ba kusa ba.

Yana da kyau mai karatu ya san ainihin abin da ake nufi da babur ɗin tsere mai cc 1000 a yau. Yamaha R1, wanda ya fara fitowa a 1998, da BMW S1000RR da ya shigo kasuwa a 2009, kowannensu yana fitar da ƙarfin doki kimanin 200, nauyinsa kuwa kimanin kilo 200 ne da mai a tanki. Toyota Corolla da muka saba gani ba ta da wannan ƙarfin, ga shi kuma ta ninka babur ɗin nauyi fiye da sau shida. Irin wannan babur yana kaiwa gudun kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa uku ko kusa da haka, kuma a giya ta ɗaya kaɗai yana iya wuce kilomita 140. Iyakar gudun da doka ta yarda wa ƙaramar mota a babbar hanya mai tagwayen layi a Nijeriya kilomita 100 ne. Ke nan mahayin ya karya doka tun bai taɓa giya ta biyu ba, sauran giya biyar kuwa babu wani titi a faɗin ƙasar nan da aka gina dominsu. Su kansu kamfanonin sun tsorata da abin da suka ƙera: bayan Suzuki ta fito da Hayabusa a 1999, wanda ya haura kilomita 300 a sa'a, manyan kamfanonin suka yi yarjejeniya a tsakaninsu suka tsayar da gudun baburansu a kusan 300, don gudun kada gwamnatocin Turai su hana shigo da su.

Mutumin da ke gudun kilomita 200 a sa'a yana shafe mita 55 a kowace daƙiƙa. Kafin idonsa ya ga abu, ƙwaƙwalwarsa ta fahimta, hannunsa ya kai ga birki, ya riga ya ci tazarar da ta kusa tsawon filin ƙwallo. Bayan ya kama birkin kuma, nisan da zai yi kafin ya tsaya ninki huɗu ne na wanda zai yi a gudun 100, ba ninki biyu ba, domin ƙarfin da ke cikin abu mai gudu yana ƙaruwa ne da ninkin gudun a kan kansa. Sai a ɗora wannan lissafi a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya ko ta Kano zuwa Wudil, inda akuya ke tsallakawa ba sallama, mai adaidaita sahu ke juyawa a inda ya ga dama, tirela ke lalacewa a tsakiyar titi a jera mata ganye a madadin alama, yashi ke taruwa a kwana bayan ruwan sama, hazon hunturu kuma ke rufe gani da safe. Baburan nan an auna su ne a filayen tsere irin su Suzuka ta Japan da Mugello ta Italiya, inda kowa ke tafiya fuska guda, kwalta sumul take, gefen hanya tsakuwa ce mai laushi da aka zuba don ta tare wanda ya faɗi, motar asibiti kuma tana tsaye tana jira. Gefen namu titin kwalbati ne da turakun lantarki da teburan masu tireda.

Masu goyon bayan babban inji suna da hujjoji, kuma ba na ɗaukarsu da wasa. Suna cewa babban babur ya fi kyawun birki da shokoba da taya, kuma sababbin suna zuwa da kwamfutar da ke hana tayar baya zamewa, da mai hana tayar gaba ɗagawa, da birkin ABS mai hana taya kullewa, wanda ke aiki ko da babur ya kwanta a kwana. Suna cewa wanda zai wuce jerin tireloli a hanyar Lakwaja yana bukatar ƙarfin da zai fitar da shi daga hannun da ba nasa ba cikin gaggawa. Suna kuma cewa babur ba ya gudu da kansa, hannun dama na mahayi ne ke murɗa totur, kuma mai hankali zai iya tafiya a gudun 80 a kan R1 kamar yadda zai yi a kan kowane babur.

Hujja ta farko gaskiya ce game da sabon babur, amma akasarin manyan baburan da ke shigowa hannun matasanmu na hannu ne, 'yan Kwatano, waɗanda aka ƙera shekara goma sha biyar ko fiye da suka wuce, tun kafin waɗannan na'urori su zama ruwan dare. Wasunsu ma sun taɓa faɗuwa a can aka gyara aka turo. Matashin ya sami ƙarfin doki 170 ko 180 ba tare da komai tsakaninsa da tayar baya ba sai wuyan hannunsa. Ko da na'urorin suna nan, aikinsu shi ne daidaita taya da kwalta, ba su da idon hango rami. Batun wuce tirela kuwa, Ninja 400 yana kaiwa gudun 100 cikin kimanin daƙiƙa biyar, yana kuma iya haura 170, wanda ya ishi kowane mai hankali wuce duk wata babbar mota da ke kan hanya. Hujja ta uku ita ce ta fi rauni, duk da cewa ita ce aka fi maimaitawa. Haɗarin sabon mahayi ba daga niyyarsa yake zuwa ba, daga kuskurensa yake zuwa. Ya faɗa rami hannunsa ya murɗa totur ba da saninsa ba, ko ya firgita ya saki kuloci da ƙarfi, ko ya buɗe wuta da wuri yana cikin kwana. A kan inji mai ƙarfin doki 45 irin wannan kuskure yakan ƙare da faɗuwar gaba da darasi. A kan mai 200, ɗan motsin hannu iri ɗaya yana iya ɗaga tayar gaba ko ya wurga mahayi sama. Kuma mu faɗi gaskiya, babu saurayin da zai kashe miliyoyin naira a kan babur mai gudun 299 sannan ya yi shekara bai gwada ko da rabin gudun ba, musamman idan abokai suna gefe suna ɗauka a waya.

Abin da ya fi ƙarfafa mini wannan ra'ayi shi ne hanyar da gwanayen duniya suka bi. Valentino Rossi ya ci gasar duniya ta ajin cc 125 a 1997, ya ci ta 250 a 1999, sannan ya ci ta 500 a 2001. Marc Marquez ya ci ta 125 a 2010, ya ci ajin tsakiya na Moto2 a 2012, kafin ya ɗauki kambin MotoGP, aji mafi girma a gasar, a 2013. Brad Binder na Afirka ta Kudu, wanda ya kai gudun kilomita 366.1 a sa'a a Mugello a 2023, sai da ya fara zama zakaran ƙaramin aji na Moto3 a 2016 a kan inji mai silinda ɗaya da cc 250. Waɗannan mutane sun fara hawa tun suna yara ƙanana, suna da masu horarwa da injiniyoyi, amma babu wanda ya tsallake matakalar. A gidajen da ake kiwon dawaki ma haka abin yake: yaron da zai hau ingarma ranar hawan sallah sai ya yi shekaru a kan ƙuru ko doki mai sanyin hali, har zamansa a kan sirdi ya daidaita, hannunsa ya san linzami.

Dalilin wannan tsari a bayyane yake ga duk wanda ya lura da yadda ake koyon hawa. Ƙaramin inji ba ya ɓoye kasawar mahayi. Wanda ya shiga kwana ba daidai ba zai rasa gudunsa, kuma ba shi da ƙarfin da zai maido da shi a miƙaƙƙiyar hanya, don haka dole ya koyi inda zai kama birki, da inda zai kalla, da yadda zai kwantar da babur, da giyar da ta dace. Mai babban inji kuwa yakan rarrafa a kwana cikin tsoro, sai ya fito ya murɗa wuta, ya ɗauka gwaninta ce. Zai iya yin shekaru a haka bai koyi komai ba face miƙe hanya. Kuma a nan ne daɗin yake, wanda masu raina ƙaramin babur ba su sani ba: Yamaha R3 mai cc 321, ko KTM RC 390 da ake ƙerawa a masana'antar Bajaj da ke kusa da Pune a Indiya, mahayi yana iya juya injinsu har ƙarshe, ya bi giya ɗaya bayan ɗaya, ya ji babur yana aiki da dukan ƙarfinsa, alhali gudun bai kai na halaka ba. Ga kuma sauƙin nauyi, domin sun fi manyan rashin nauyi da kimanin kilo 30, abin da mutum ke ji a jikinsa duk lokacin da zai juya a lungu ko ya tare babur da ƙafa a kan yashi.

Ba ina cewa ƙaramin inji ba ya kisa ba ne. A shekarar 2021 kaɗai matasa uku suka rasu a gasannin ƙananan babura a Turai: Jason Dupasquier mai shekara 19 a Mugello, Hugo Millán mai shekara 14 a Aragon, da Dean Berta Viñales mai shekara 15 a Jerez, abin da ya sa hukumar tseren babura ta duniya ta ɗaga mafi ƙarancin shekarun shiga gasar Grand Prix zuwa 18. A gida kuma, mafi yawan waɗanda ake kaiwa asibitin ƙashi na Dala da karaya sanadin babur, daga kan Boxer da Jincheng da roba-roba suka faɗo, kansu babu hular kwano. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sanya hular a farkon 2009, an ga 'yan acaɓa a Kano suna kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu, kuma har yau ba mu warke daga wannan sakaci ba. Wanda ya hau 400 da silifas da riga mai gajeren hannu yana cikin haɗarin da ya fi na wanda ya hau 1000 da cikakkiyar hula da jaket da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu, muddin gudunsu ɗaya. Amma gudun nasu ba ya zama ɗaya, kuma a nan gizo ke saƙar.

Batun aljihu ba ya bukatar dogon bayani tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Babban inji yana shan kusan ninki biyu na abin da 300 ko 400 ke sha a tafiya iri ɗaya, kuma masu ƙera shi sun shar'anta masa fetur mai inganci sosai, wanda ba a da tabbacin samunsa a kowane gidan mai, balle a galan ɗin 'yan bumburutu. Faffaɗar tayarsa ta baya mai laushi ce, tana cinyewa cikin 'yan dubban kilomita, kuma da dala ake sayo ta. A cunkoson Kano cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, injin da aka ƙera don iska mai ƙarfi ta riƙa dukan lagiretonsa sai ya koma gasa cinyoyin mai shi. Idan kuma wata na'ura ta ɗauke, bakaniken da ke da kwamfutar gano matsalarta sai an tona.

Kasuwar duniya ma ta fara juyowa. Yamaha ta daina sayar da R6 na hawa kan titi a Turai bayan 2020, ta fito da R7 mai silinda biyu da ƙarfin doki kimanin 73, sannan daga 2025 ta mayar da R1 na filin tsere kawai a can. Aprilia ta Italiya ta samu karɓuwa da RS 660. Gasar MotoGP kanta za ta rage injinta daga cc 1000 zuwa 850 a 2027, kuma rage gudu yana cikin dalilan da aka bayar. Idan mutanen da ke da filaye da likitoci da kayan kariya mafi tsada a duniya suna ganin gudun ya yi yawa, ban ga hujjar da za ta sa mu ci gaba da ɗaukar 1000 a matsayin matakin da kowane saurayi ya wajaba ya taka ba.

Wannan ne ya kawo ni ga doka. A Tarayyar Turai, tun daga Janairun 2013, lasisin babur mataki uku ne. A1 na babur ne da bai wuce cc 125 da kilowat 11 ba. A2, wanda ake samu daga shekara 18 a yawancin ƙasashen, ya tsaya a kilowat 35, wato ƙarfin doki kimanin 47, tare da iyaka a kan ƙarfi gwargwadon nauyi. Cikakken lasisi sai bayan shekara biyu a kan A2, ko kuma mutum ya kai shekara 24. Abin lura shi ne A2 bai ambaci cc ba, ƙarfi ya auna, kuma hakan ne daidai. Ostireliya ta haɗa biyun ga masu koyo: cc 660 zuwa ƙasa, kuma kada ƙarfi ya wuce kilowat 150 a kowane tan. Japan, ƙasar da ta fi kowa ƙera waɗannan babura, ta ja layi a cc 400 tun 1975, kuma samun lasisin abin da ya haura haka ya kasance da matuƙar wahala har zuwa 1996. Wannan iyaka ba ta kashe sha'awar babur a can ba. Ita ce ma ta sa injiniyoyinsu suka zuba basirarsu a ƙananan injuna, har Honda ta fito da CBR250RR a 1990, mai silinda huɗu da ke juyawa sau 19,000 a minti guda.

A Nijeriya kuwa lasisin babur aji ɗaya ne, ajin A. Takardar da ta halatta wa mutum hawan Boxer ita ce ta halatta masa hawan Hayabusa a ranar da ya cika shekara 18. Wurin da doka ta kula da girman inji sosai shi ne Legas, inda dokar hanya ta 2012 ta hana baburan da ba su kai cc 200 ba hawa manyan tituna, wato ta sanya iyaka daga ƙasa ta bar sama a buɗe. Ƙasar nan ta ga abin da babur mai ƙarfi ke iya yi a watan Disambar 2017, lokacin da Yusuf, ɗan shugaban ƙasa na wancan lokaci Muhammadu Buhari, ya yi hatsari a unguwar Gwarimpa ta Abuja, ya ji rauni a ka tare da karaya, har aka kai shi Jamus jinya. Allah Ya ba shi lafiya, an yi ta maganar 'yan makonni, sannan aka bar ta ba tare da an sauya komai a tsarin lasisi ba. Iyalai da yawa da irin wannan ya faɗa wa ba su da halin fitar da ɗansu waje, kuma labarinsu bai kai jarida ba.

Abin da nake kira a yi shi ne a raba ajin A gida biyu bisa ƙarfin inji, a ja layin a kusan ƙarfin doki 47 kamar yadda Turai ta yi, domin kamfanoni sun riga sun ƙera babura da yawa daidai wannan iyaka, kuma a shar'anta shekara biyu da jarrabawar hawa ta zahiri kafin a haura. Za a ce ƙasar da dubban mutane ke hawa babur ba lasisi ko kaɗan ba za ta iya tilasta wannan ba. Amma manyan baburan tsere ba su da yawa, kowanne ta tashar ruwa ko kan iyaka ya shigo, sai an biya masa kuɗin kwastan an yi masa lamba, kuma ƙararsa kaɗai ta isa ta sanar da jami'i zuwansa. Ana iya ɗaura rajistarsa da lasisin mai shi ba tare da an taɓa ɗan acaɓa ko ɗaya ba. Ƙungiyoyin mahaya ma suna da ikon da ya fi na jami'in hanya, domin saurayi ya fi jin maganar wanda yake kwaikwayo, kuma idan manyansu suka daina karɓar sabon mahayi a kan 1000 cikin jerin gwanonsu, dillalai za su fara kawo 300 da 400 masu ABS. Iyaye masu biyan kuɗin kuwa, ya kamata su tambayi ƙarfin doki kafin su tambayi farashi.

Su kuma waɗanda suka ƙware, waɗanda suka yi shekaru suna hawa kuma suke son jin abin da babban inji zai iya, ba na neman a hana su. Wurin da ya dace nake nema musu. A jihar Edo masu sha'awar babura sun samar da filin tsere a Evbuobanosa, abin da ya nuna cewa ana iya yi a ƙasar nan. Arewa tana da filayen sukuwa da na folo a Kano da Katsina da Kaduna, tana kuma da attajiran da 'ya'yansu ne ke kan waɗannan babura. Kilomita biyu ko uku na kwalta mai kyau a bayan gari, da shinge, da motar asibiti, da mai horarwa, sun isa a kwashe wannan gudu daga titin filin jirgin sama na Abuja da titin Zariya a kai shi inda ba mai tsallakawa da ƙafa.